Mai Ƙaho na Mosko: Yadda Aka Ɗaura Masa Waya, Yadda Aka Kwance Ta

Ranar 25 ga Agusta, 2020, mutanen Mosko suka wayi gari babu motar da suke yi wa laƙabi da "mai ƙaho" a kan titi. Ba a yi bikin ban kwana ba, ba a tara jama'a ba. Sanarwa ce kawai ta fito daga Mosgortrans, kamfanin da ke gudanar da motocin haya na birnin, cewa 'yan layukan da suka rage an miƙa su ga wasu motocin. Da haka aka rufe aikin da ya kusa cika shekara 87, wanda kuma shekaru kaɗan kafin nan babu birnin da ya kai Mosko girmansa a duniya: motoci fiye da 1,500, layuka fiye da 80, da waya mai tsawon kimanin kilomita 1,300 in an lissafa zuwa da dawowa.

Sunan motar a yawancin harsunan Turai torolibas. Bas ce sak, da tayoyin roba da sitiyari da direba, sai dai babu tankin mai a jikinta. A bisa rufinta akwai dogayen sanduna biyu da suka miƙe baya suka tokari wayoyi biyu da aka shimfiɗa a saman titi, daga nan take shan wutar da ke juya injinta. Sandunan nan su ne ƙahonin. Waɗanda suka yi karatu a Mosko zamanin Tarayyar Sobiyet, cikinsu har da 'yan Najeriya da Nijar da Ghana, ba sa bukatar wannan bayani. Sun sha tsayawa cikin ƙanƙara suna leƙen ƙarshen titi ko za su hango tartsatsin wuta, alamar tana tafe.

Abin da ya sa labarin ya cancanci a tsaya a kansa shi ne lokacin da aka zaɓa aka rufe. A daidai shekarun da duniya ta shiga rububin motocin lantarki, birnin da ya fi kowa yawan bas mai shan wuta daga waya ya sa aka hau tsani aka yanke wayoyinsa. Hukumomi suka ce ci gaba ne, masu adawa suka ce ɓarna ce. Kafin mutum ya goyi bayan ɗaya, sai ya fara gane cewa motar da ake gani a titi ita ce ƙaramin kaso na wannan sana'a. Dukiyar tana sama, wani sashenta kuma yana binne a ƙasa.

Mu fara da dalilin waya biyu. Wutar lantarki ba ta aiki sai ta sami hanyar zuwa da ta komawa. Duk wanda ya taɓa cire kan batir ɗaya ya ga mota ta ƙi tashi ya san haka. Tiram, wato ƙaramin jirgin da ke bin dogo a tsakiyar titi, waya ɗaya ta ishe shi, domin ƙafafunsa ƙarfe ne, wutar sai ta bi ta dogon ta koma inda ta fito. Mai ƙaho kuwa roba take takawa, roba kuma ba ta ba wuta hanya. Dole a ba ta waya ta biyu. Wannan ƙaramin bambanci shi ya haifar da kusan duk wahalar da ke cikin aikin, saboda a duk mahaɗar hanya, a duk inda layi ya ratsa layi, sai an tabbatar wayoyin nan biyu ba su taɓa juna ba.

Wutar da ke cikin wayar ba irin ta gida ba ce. Ta gida kai-komo take yi, wannan kuwa miƙe take tafiya gefe guda, ƙarfinta tsakanin bolt 550 da 600. Don haka sai an gina ƙananan tashoshi a cikin unguwanni, kowace da taransfomarta da na'urar da ke miƙar da wutar. Suna karɓar wuta mai ƙarfin bolt dubu 6 ko dubu 10 daga babban layi, su rage ta, su miƙar da ita, su tura ta cikin manyan kebul na ƙarƙashin ƙasa zuwa wayar sama. Wayar saman ma ba doguwa ɗaya ba ce. An yanka ta gunduwa-gunduwa, kowane yanki da inda yake shan wuta, domin in matsala ta auku a wuri guda kada gari duka ya tsaya. Tsakanin yanki da yanki akwai ɗan guntun da ba wuta a cikinsa, direba kuma ya san wurin kamar yadda ya san ƙofar gidansa: yana isowa zai ɗage ƙafa daga totur, motar ta wuce da sauran gudunta, fitilun ciki su ɗan lumshe su dawo. In ya yi rashin sa'a cunkoso ya tsayar da shi daidai ƙarƙashin wannan guntun, to ya maƙale, sai fasinjoji sun sauka sun tura. Tsofaffin mazauna Mosko da yawa sun tura bas a rayuwarsu.

A ƙarshen kowace sanda akwai wani ɗan kofi na ƙarfe mai juyawa, a cikinsa an saka ɓallin gawayi da aka matse, shi ne ke gogar wayar tagulla. Da gangan aka yi shi ya fi wayar laushi, don shi ya cinye ba ita ba. Canza shi aikin yau da kullum ne. Ranar ruwan sama ko ranar da ƙanƙara ta kama waya yakan ƙare da wuri, direba ya ja sandar ƙasa a ƙarshen layi ya saka sabo. Manyan sifirin da ke gindin sandunan su ne ke danna su sama. Tsawonsu ya ba motar damar kaucewa kimanin mita huɗu zuwa dama ko hagu daga ƙarƙashin wayar, wato tana iya zagaye motar da ta lalace ko ta matsa bakin titi ta ɗauki fasinja, abin da tiram ba ya iyawa. Amma ba ta iya wuce 'yar'uwarta, tunda waya ɗaya suke bi. Ta gaba in ta tsaya, na baya sai su jeru, sai fa in direban ta gaban ya sauko ya sauke ƙahoninsa ya ba su hanya.

Inda na fi jinjina wa masu wannan ƙira shi ne mararraba. A ce waya ta rabu biyu, ɗaya ta yi hagu ɗaya ta yi dama. Sitiyari yana juya tayoyi, amma me zai gaya wa sandunan da ke can sama hanyar da za su bi? Dabarar da Sobiyet suka daɗe a kanta ita ce a sa maganaɗisun lantarki a bakin mararrabar. In direba ya shiga yana taka totur, wutar da injinsa ke ja za ta bi ta cikin maganaɗisun, ya fizgi wani ɗan harshen ƙarfe, sandunan su yi hagu. In ya ɗage ƙafa ya shiga salin-alin, harshen ba zai motsa ba, sandunan su yi dama. Da ƙafarsa yake magana da waya. Sai dai dabarar tana da nata tarkon. A lokacin sanyi na'urorin ɗumama cikin motar su ma wuta suke ja, har su iya ruɗin maganaɗisun ya zaci totur aka taka, don haka direban da ke son yin dama sai ya tuna ya kashe su. Kuma dole a wuce wurin a hankali, kusan tafiyar mai keke.

In aka kuskure, sai ka ji ƙara, ka ga tartsatsi shuɗi, sandunan sun kuɓuce suna lilo a sama, motar ta yi tsit. Direba, wadda sau da yawa mace ce, domin mata sun yi yawa ƙwarai a wannan aiki a Rasha, za ta zura rigar nan mai ruwan lemo, ta sa safar hannu mai kauri, ta buɗe ƙofa ta zagaya baya. A can akwai igiyoyi biyu da ke ɗaure da sandunan. Za ta kama ɗaya ta rataya da nauyin jikinta don ta rinjayi sifirin, ta ɗaga kai tana auna waya, ƙanƙara na zuba mata a ido, motocin baya na ta matsa ham, har ta dace kofin ya zauna. Sannan ta biyu. Minti biyu ne ko uku, amma a tsakiyar mahaɗar da motoci ɗari ke jira, minti uku ba wasa ba ne. Wannan hoton shi ne masu neman a rufe suka fi nunawa, kuma ba ƙarya suka yi ba.

To me ya sa tun farko birni zai jawo wa kansa wannan ɗawainiya? Ba Rashawa suka ƙago ta ba. Werner von Siemens ya gwada wata karusa mai shan wuta daga waya a gefen Balin a 1882, biranen Leeds da Bradford na Ingila suka fara jigilar fasinja da ita a 1911, Landan ta shiga a 1931. Mosko ta zo ne a 1933, lokacin da Stalin ke fasa tsohon birnin yana faɗaɗa tituna. Tiram ne ke ɗauke da kusan kowa a lokacin, ya cika ya batse har mutane na maƙalewa a jikin ƙofa, dogonsa kuma ya cinye tsakiyar titunan da ake son a mayar manyan hanyoyin fareti. Ana haƙa jirgin ƙarƙashin ƙasa, amma ba a buɗe shi ba sai 1935, kuma ko an buɗe ba zai shiga kowace unguwa ba. Bas mai shan mai tana nan, sai dai masana'antun ƙasar ba sa iya ƙera injin da zai ja babbar mota da yawan da ake so. Lantarki kuwa gwamnatin ta mai da shi abin alfahari, tana ta gina tashoshi. Injin lantarki ya fi sauƙin ƙerawa, ba shi da giya, ba ya bukatar a ɗumama shi da asuba a garin da sanyi ke daskarar da mai, kuma yana tashi da cikakken ƙarfinsa daga tsaye.

Ranar 15 ga Nuwamba, 1933, aka buɗe layin farko, kilomita bakwai da rabi, daga kusa da tashar jirgin ƙasa ta Belorussky zuwa ƙauyen Vsekhsvyatskoye, wurin da yanzu ake kira Sokol, wanda birni ya daɗe da haɗiyewa. Motocin farko jikinsu katako ne, aka sa musu suna LK, haruffan farko na sunan Lazar Kaganovich, shugaban jam'iyyar Kwaminis na Mosko a lokacin. Daga nan abin ya yi ta yaɗo. A 1937 aka tumɓuke dogon tiram daga babban titin da ya kewaye tsakiyar birnin, wanda ake kira Zoben Lambu, aka ɗaura waya, mai ƙaho ta gaji har harafin layin, wato B. Mutanen gari suka ci gaba da kiran layin "Bukashka", ɗan ƙwaro.

An ma gwada mai bene. Aka sayo ɗaya daga Ingila a 1937, masana'antar Yaroslavl ta kwaikwaya ta ƙera guda goma. Sai da aka ɗaga waya sama a hanyar da za su bi, abin da ya wahalar da ƙananan motocin da ke bin layin, ga shi kuma doguwar mota a kan titin da ƙanƙara ta mayar tudu da kwari tana tangaɗi yadda hankalin fasinja ba ya kwanciya. Ba a ƙara ƙera wasu ba, na ƙarshensu suka bar aiki a 1953.

Yaƙin duniya na biyu ya nuna amfanin abin ta fuskar da ba a zata ba. Sojoji suka kwashe bas-bas da man da za a zuba musu, mai ƙaho kuwa ba ta da amfani a fagen daga tunda ba ta barin wayarta, sai ta zauna ta riƙe gari. Har aka mayar da wasu na dakon kaya, suna jigilar itacen wuta da abinci. Bayan yaƙi wata masana'antar jiragen sama a Tushino ta juya ta fara ƙera samfurin MTB-82, mai launin shuɗi, wanda ya zama fuskar Mosko ta shekarun 1950. Daga baya aikin ya koma masana'antar Uritsky da ke garin Engels a bakin kogin Volga. A can aka fito da ZiU-9 a farkon shekarun 1970, aka ƙera fiye da 42,000, adadin da babu wani samfurin torolibas da ya taɓa kaiwa. An sayar da ita har Atina da Budafes da Bogota. (A Budafes, lambobin layukan daga 70 suke farawa har yau, saboda an buɗe na farkonsu bayan yaƙi ne a Disamba 1949, ranar da aka yi bikin cikar Stalin shekara 70. Siyasa ta daɗe tana hawa wannan mota.)

Abin lura, a daidai lokacin da Mosko ke ƙara waya, Yammacin Turai kwancewa take yi. Landan, wadda ta taɓa mallakar motoci kusan 1,800, ta rufe nata a 1962. Bradford ta riƙe har 1972, ita ce ta ƙarshe a Ingila. Man dizal ya yi araha, wayoyin da aka ɗaura kafin yaƙi sun tsufa, sabunta su kuma kuɗi ne na lokaci guda da babu majalisar birnin da ke son fitarwa. Johannesburg ma ta bi sahu a 1986. A Tarayyar Sobiyet lissafin daban ne. Gwamnati ce ke da wutar, ita ke da masana'antar, ita ke yanke farashi, mai kuma an fi son a sayar waje a sami kuɗin ƙetare. Daga 1961 kuɗin shiga tiram a Mosko kobek (kwabon ƙasar) 3 ne, mai ƙaho 4, bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa 5, aka zauna a haka fiye da shekara ashirin. An ma cire kwandasta. Wani ɗan akwati ne mai murfin gilashi a cikin motar, ka jefa kuɗinka kowa na gani, ka murɗa ka yagi tikitinka da kanka. In mota ta cika, sai ka miƙa wa na gabanka, kuɗin ya bi hannu-hannu har akwatin, tikiti ya dawo maka ta hanyar da kuɗin ya bi.

A watan Agustan 1991, da masu tsattsauran ra'ayin jam'iyya suka yi yunƙurin kifar da shugaban ƙasar, Gorbachev, jama'a suka jera waɗannan motoci suka tare hanyoyin da tankokin yaƙi za su bi. A wata hanyar ƙarƙashin gada a kan Zoben Lambu, inda aka yi irin wannan shinge, aka kashe samari uku a daren 20 wayewar 21 ga wata. Wata huɗu bayan haka Tarayyar Sobiyet ta rushe, kuma a ganina daga nan ciwon mai ƙaho ya soma, ba daga 2016 da aka fara yanke waya ba.

Abu biyu ne suka haɗu. Na farko, motocin kai suka cika gari. Titin da aka ɗaura wa waya lokacin da mutum ɗaya cikin mutane masu yawa ke da mota ya koma wurin da ake ajiye motoci layi biyu a bakin hanya. Motar da iyakar kaucewarta mita huɗu ce, in wani ya faka inda bai dace ba ya shiga kanti, sai ta tsaya, na bayanta su tsaya. Haɗari ɗaya ya isa ya tsayar da layi sukutum. Na biyu, kuɗin gyara ya ƙafe. Biranen Suwizalan da Jamus da Cek da suka riƙe nasu sun canza mararrabar nan ta totur da wadda ake sarrafawa da siginar rediyo, mota ta wuce da gudunta. Sun canza yadda ake rataya waya don sanda ta daina kuɓucewa a kwana. Mosko ta ci gaba da sayen sababbin motoci jefi-jefi tana sa su a ƙarƙashin wayar da fasalinta na shekarun 1950 ne. Sannan a farkon shekarun 2000 aka kafa shingen ƙarfe mai juyawa a ƙofar gaba, kowa sai ta nan zai shiga, ɗaya bayan ɗaya, don maganin masu hawa ba biya. Tsayuwar da take ɗaukar daƙiƙa ashirin ta koma minti biyu. Shekara ashirin ana haka, sai tsara guda ta tashi ba ta san mai ƙaho da komai ba sai jinkiri.

Sergei Sobyanin ya zama magajin gari a 2010, kuma adalci shi ne a ce gwamnatinsa ta yi wa sufurin jama'a aikin da ba a taɓa yi ba tun rushewar Sobiyet: ɓangaren titi da aka keɓe wa bas, kuɗin ajiye mota a tsakiyar gari, sababbin tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa birjik. Waɗannan matakan kuwa su ne ainihin maganin ciwon mai ƙaho, domin titin da aka share mata ba ta da matsala a kansa. Amma sai ga shirin ƙawata tituna mai suna "Titina", wanda ya faɗaɗa hanyoyin masu tafiya a ƙasa, ya binne wayoyin wuta da na tarho, yana neman abin da suka kira sararin sama mai tsabta. A 2016 aka sauke waya daga Tverskaya da wasu manyan titunan tsakiya, layin B ya koma hannun bas mai shan dizal. Wanda ya san yadda tsarin yake ya san an gama. Layukan Mosko kamar saƙar gizo suke, daga gefe su nufi tsakiya. In ka yanke tsakiyar, abin da ya rage guntaye ne, wasu ma ba su da hanyar komawa garejinsu. Daga nan kowane layi da aka rufe yana sa na kusa da shi ya ƙara tsada, tunda tashar wuta ɗaya da ma'aikatan gyara ɗaya yanzu motoci kaɗan suke yi wa hidima. Sai a kawo wannan tsadar a matsayin hujjar rufe na gaba.

Hujjojin hukuma ba na banza ba ne, ya kamata a faɗe su yadda suke. Sun ce waya da kebul da tashoshin wuta sun tsufa, sabunta su zai ci maƙudan kuɗi. Sun ce birnin da kullum ake haƙa titi da gina gada yana bukatar motar da za a iya karkatar da ita gobe da safe ba tare da an kafa turaku ba. Sun ce ga magaji ya iso, bas mai batir. A Satumbar 2018 na farko suka fara aiki, ƙirar kamfanonin Kamaz da GAZ. Batirinsu ba mai girma ba ne, yana kai su 'yan gomman kilomita, sai su tsaya a ƙarshen layi su ɗaga wani hannu daga rufi su sha caji na 'yan mintuna. Zuwa ƙarshen 2021 sun kai 1,000, babu birnin Turai da ya kai haka. Wanda ya shiga ɗaya zai gaya maka ta fi tsohuwar ZiU daɗin zama nesa ba kusa ba.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. A ranar da aka rufe, motocin batir ɗin ba su kai 500 ba, waɗanda aka kora kuwa sun haura 1,500 'yan shekaru kafin nan. Giɓin da ke tsakani dizal ne ya cike shi. Wato a tituna da dama, abin da ya faru a zahiri shi ne an cire motar da ba ta hayaƙi an sa mai hayaƙi, da sunan kare muhalli. Na biyu, sanyin Mosko yakan sauka ƙasa da digiri 20 a ƙarƙashin sifiri, ɗumama bas a irin wannan yanayi kuma yana cin wutar da ta kusa kai ta tafiyar kanta. Mai ƙaho ba ta damu ba, waya ba ta ƙarewa. Motocin batir na farko kuwa sai da aka sa musu murhun dizal don ɗumama fasinja. Na uku, motar da ke tsaye tana caji ba ta ɗaukar kowa, don haka layin da motoci goma ke riƙewa da waya yana bukatar fiye da goma da batir, da ƙarin direbobi. Batirin kansa yana da nauyi, yana da tsada, ƙarfinsa yana raguwa da shekaru, ita kuwa wayar tagulla in ana kula da ita tana daɗewa. 'Yan rajin gyaran birni irin su Maxim Katz da Ilya Varlamov sun yi ta faɗin waɗannan, an yi gangami, an tara sa hannu, ba a saurare su ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, batirin da aka kashe mai ƙaho dominsa shi ne ya warkar da babban aibinta. A sa mata ƙaramin batir, ta riƙa cajinsa tana tafe a ƙarƙashin waya. In ta zo inda aka tare hanya, ko mahaɗa mai sarƙaƙiya, ko dandalin tarihi da ba a son waya ta ɓata, direba ya danna maɓalli sandunan su kwanta, ta yi tafiyar kilomita goma ko fiye da ƙarfin kanta, ta dawo ƙarƙashin waya ta ɗaga ƙaho. Ba tsayawa caji, ba turin mota, ba jan igiya a tsakiyar titi. Ba mafarki ba ne: Saint Petersburg, a cikin ƙasar ta Rasha, ta fara haka tun 2017, ta miƙa layukanta zuwa sababbin unguwanni ba tare da ta kafa turke ɗaya ba. Zurich ta Suwizalan da Solingen ta Jamus suna yi. Birnin Meksiko ya sayo sababbin motoci daga Sin ya farfaɗo da nasa. Prag, babban birnin Cek, wadda ta rufe nata a 1972, ta koma tana ɗaura waya daga farko da kuɗi masu yawa. Abin da Prag ke saye da tsada, Mosko tana da kilomita 1,300 nasa a rataye kafin ta yanke.

Don haka ban yarda cewa fasaha ce ta yanke hukunci ba. An bar abu ya lalace shekara ashirin, aka auna lalataccen da sabon da aka zuba wa kuɗi, aka ce ga sakamako. Akwai kuma abin da ba ya shiga takardar lissafi: sabuwar bas mai walƙiya ana iya yanka mata kintinkiri a gaban kyamara, canza mararrabar waya da ƙarfe uku na dare kuwa ba mai gani. A ɗaya ɓangaren, masu kare mai ƙaho su ma wani lokaci ƙauna ce ke magana a bakinsu ba lissafi ba. Akwai layukan da fasinjansu bai kai a riƙe musu tashar wuta ba, kuma waya tana biyan kuɗinta ne kawai inda mota ke wucewa kowane minti kaɗan, ko inda akwai hawa mai tsauri. Da an zaɓi manyan hanyoyi ashirin ko talatin an sabunta su, aka bar sauran wa batir, da ba a sami abin cewa ba. Zaɓin da ba a taɓa ɗorawa a kan tebur da gaske ba ke nan.

Mai karatu a Kano ko Damagaram zai iya cewa duk wannan gardamar ta masu wuta ce, kuma ya yi gaskiya: motar da ke tsayawa cak da zarar an ɗauke wuta ba ta da wurin zama inda ɗaukewar ta zama ruwan dare. A nan batir ya fi waya, ko ba komai yana jira a kawo.

Motocin da suka rage da sauran ƙarfi an raba su ga wasu biranen Rasha, irin su Saratov, inda suka ci gaba da aiki da fentinsu na Mosko. Masana'antar Engels, wadda ta rasa babban mai sayen kayanta, ta durƙushe a daidai wannan lokaci. Direbobi da yawa aka sake horar da su suka koma tuƙin bas. A Satumbar 2020 hukuma ta buɗe wani ɗan gajeren layi na tunawa, mai harafin T, kusa da dandalin Komsomolskaya, da 'yan motoci kaɗan. Sauran layukan kuwa an bar musu lambobinsu na da, aka ƙara ƙaramin harafin "t" a gaba don kada fasinja ya ruɗe. Aka ɗauki lokaci mutum na tsayawa a tashar da ya saba, bas mai shan dizal ta iso da "t" a goshinta, ya ɗaga kai ya ga ƙugiyoyin ƙarfe a jikin bangon gidaje, inda da aka ɗaure waya.